Kwaya, Ƙwaya da Maganar Gado

Ranar da 'yar maƙwabcina ta shigo gidanmu ta durƙusa ta ce, "Baba, na shiga 'yan kwaya a makaranta," saura kaɗan uwargidana ta saki kwanon da ke hannunta. Sai da yarinyar ta yi ta bayani tana dariya, cewa ba ƙwaya mai lanƙwasa take nufi ba, kwaya ce ta coci, wato ƙungiyar mawaƙan ɗakin sujadar ɗalibai. To ka ji inda ƙugiyar harafi ɗaya ta kusa ɓata sunan yarinya mai hankali. Na fara da wannan ne saboda abin da zan yi magana a kai duk bai wuce irin wannan ƙaramin abu ba, wanda ido ba ya gani a takarda amma kunne ba ya yafewa.

A watan Disamban da ya wuce ta kawo mini katin gayyata zuwa daren waƙoƙin da kwayarsu ke yi kafin hutun Kirsimeti. Mahaifinta mutumin Akwanga ne, mun fi shekara ashirin katanga ɗaya ta raba mu, ya zo sunan 'ya'yana, na je jana'izar mahaifiyarsa. Na san akwai masu karatu da za su ce me ya kai Malam can. Amsata gajeriya ce. A babban zauren taro aka yi, ba sujada na je ba, kuma na kwashe shekaruna ina koyar da Hausa, duk inda aka ce za a rera ta da baki sittin a lokaci guda, ina da abin saurare. Ba zan kama sunan makarantar ba, domin akwai gyara a cikin maganata, kuma yaran ba su yi abin da za a tallata su ba. Manyan makarantu dai sun kewaye mu, daga nan Keffi zuwa Karu, Akwanga da Nasarawa, kowace da irin wannan ƙungiya, kuma abin da na ji a ɗaya na tabbata shi ne a sauran.

Bari mu ɗan koma baya, don wanda bai san daga inda al'adar ta taso ba.

Kwayar ɗakin sujadar kwaleji abin Ingila ne. Wadda ta fi suna ita ce ta Kwalejin Sarki da ke Kambirij, wadda Sarki Henry na Shida ya kafa a 1441. Tun a dokar kafa ta ya rubuta cewa a riƙe yara maza goma sha shida, a ciyar da su, a koyar da su, aikinsu rera waƙa a sujada kullum. Har yau sha shidan nan ne, tare da manyan ɗalibai masu riƙe muryoyin ƙasa. A jajibirin Kirsimetin 1918, makonni kaɗan bayan an gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani limaminsu mai suna Eric Milner-White, wanda ya yi aiki da sojoji a fagen daga, ya tsara musu sujadar karatu tara daga Littafi Mai Tsarki, ana ratsa su da waƙoƙi. BBC ta fara watsa ta a 1928, kuma ta rediyon nan ne tsarin ya zagaye duniya. Suna buɗewa da muryar yaro ɗaya tak, wanda ba a gaya masa shi ne zai fara sai ana dab da kunna na'ura, don kada fargaba ta hana shi barci.

Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, sai aka kwaso wannan kaya gaba ɗaya: rigar digiri, cin abinci a dogon tebur, ɗakin sujada da kwayarsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo a 1962. Mu nan Keffi mun daɗe da Kwalejin Gwamnati, wadda tarihinta ya faro daga 1949, amma jami'a ba ta zo mana ba sai bayan an ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, ta buɗe a farkon shekarun 2000. Ta Bingham da ke Karu, wadda ECWA ta kafa, ta zo a 2005. Ashe kwayoyinmu jarirai ne. Kuma akwai wani bambanci da ya fi na shekaru. Ta Kambirij tana da wakafi, da malamin kiɗa mai albashi, da ɗakin ajiye takardun waƙa na ɗaruruwan shekaru. Tamu kuwa duk shekara huɗu sai ta mutu a sake haihuwarta, don waɗanda suka iya sun gama sun tafi bautar ƙasa. In aka yi dogon yajin aiki irin na 2022, wata takwas, sai a dawo a tarar rabin masu babbar murya sun watse. Shugaban kwayar da na gani ɗalibin lissafi ne ɗan aji uku. Duk tarihin ƙungiyar yana cikin wasu littattafan rubutu guda huɗu masu bangon kwali, cike da do-re-mi da aka rubuta da biro, kowane shugaba yana miƙa wa na bayansa. Na riƙe su a hannuna, na ga inda ruwa ya taɓa ɗaya har tawada ta gudu. Duk abin da zan faɗa a gaba, a riƙa tunawa da littattafan nan huɗu.

Amma wannan jijiya ɗaya ce. Kwayar Arewa tana da ta biyu, ita ce ta Hausa, kuma ita ta kai ni zauren.

A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba su daɗe ba. A cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda ya zauna birnin Zariya daga 1905, daga baya mishan ɗin ta koma Wusasa wajen 1929. Shi ne ginshiƙin fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito da Hausa a 1932. A gefe guda kuma mishan ɗin SIM da SUM sun shiga ƙasashen da ke kewaye da mu, SIM a Karu cikin Gbagyi, SUM a duwatsun Mada da Eggon, inda cocin ERCC mai hedikwata a Alushi ta samo asali. Sun tarar da harsuna barkatai, kowane ƙauye da nasa, sai suka ɗauki harshen da fatake kakanninmu suka riga suka shimfiɗa a kasuwanni. Shi ya sa Littafin Waƙoƙi na Hausa yake hannun Bamade da Ba'egon da Bagwari da mutumin Kagoro, shi ya sa ma wata babbar haɗakar coci-coci sunanta da Hausa yake, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Duk ranar Lahadi, mutanen da ke rera waƙa da Hausa daga nan zuwa Jos da Yola suna da yawan da mu 'yan unguwa ba mu cika tunawa da shi ba in muna maganar "masu harshe".

Wanda ya taɓa zuwa Wusasa ya ga cocin Bartholomew mai tsarki. Ginin ƙasa ne, na maginan Zazzau, da bakan gizo da komai, in ba a gaya maka ba sai ka ce soron wani basarake ne. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, mutanen da suka yarda su gina ɗakin da hannun Bahaushe, da aka zo waƙar da za a rera a ciki sai suka ɗauko karin Ingila suka zuba masa kalmomin Hausa.

To, mu dawo zaure.

Kashin farko na Turanci ne, kuma wallahi sun yi ƙoƙari. Sun shigo a jere cikin dogayen riguna, 'yan mata masu siririyar murya a gaba, samari a baya, murya huɗu kowace da hanyarta. Sun kwaikwayi Kambirij, wata yarinya ta fara ita kaɗai, muryarta na ɗan rawa a layin farko, daga nan ta zauna daram. Suka rufe kashin da sanannen yankin nan na Haleluya daga Messiah, aikin Handel da aka fara rerawa a Dabilin a 1742, jama'a suka miƙe tsaye kamar yadda aka saba. Masu muryar sama sun ɗan gaza a inda waƙar ke hawa bene-bene, sun kai da ƙyar, amma samarin ƙasa sun riƙe ginin. Abin da na fi lura da shi shi ne bakinsu. Kowane harafin ƙarshe sai da suka fito da shi tare, kamar an datse da almakashi. 'Yar maƙwabcina ta gaya mini sun yi mako uku a kan yadda za a sa harshe tsakanin haƙora a furta sautin nan na Turanci da ba mu da shi. Mako uku! Na ce madalla, haka ake aiki.

Sai aka shiga kashi na biyu, waƙoƙi huɗu daga Littafin Waƙoƙi, a nan ne na fara gyara zama.

Bari in yi bayanin abin da kunnen kowane Bahaushe ya sani ko da bai san sunansa ba. Gaɓar Hausa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "ta" a cikin "tafi". Mai nauyi ita ce mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe, kamar "ra" a "rana" ko "sar" a "sarki". Waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya, a kan wannan awo take tafiya. Saurari Shata, saurari Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, ba za ka ji sun ja gaɓa marar nauyi a tsakiyar kalma sun danne mai nauyi ba. Malamanmu da suka ɗauko arulin Larabawa sun same shi ya zauna wa Hausa daidai saboda Larabci ma haka yake auna gaɓa. Waƙar Turanci kuwa da bugu take tafiya, wata gaɓa a danna ta da ƙarfi, wata a wuce ta. Littattafan waƙar coci na Ingila ƙidaya suke yi: layi na farko gaɓa takwas, na biyu shida, takwas, shida. Masu fassara suka ƙirga takwas da shida da yatsa, suka ga lissafi ya cika, suka wuce. Ba su tambayi wace gaɓa ce za ta faɗa kan dogon sauti ba.

Ga abin da ke biyo baya. Yawancin karin nan da gajeren sauti suke farawa, dogo ya biyo. In kalmar "Ubangiji" ce ta zo wurin, sai ta zauna kamar don ita aka yi shi, don ita ma haka take: gajere, dogo, gajere, dogo. Amma in "duniya" ce ko "zuciya", waɗanda farkonsu ne mai nauyi, sai a ji an fizge "du" an miƙe "ni" kamar ana jan roba. Na ƙirga a waƙa ta biyu, sau biyar aka yi wa "zuciya" haka. Wannan dai rauni ne, ba kisa ba, ana gane abin da ake nufi.

Kisan yana waƙa ta uku. Waƙa ce a kan abin da aka tanadar wa mai bi a lahira, kuma kalmar da take ɗauke da ita duka ita ce gado, wanda ake ci bayan mutuwar uba. Wannan gado "ga" ɗinsa dogo ne, murya ta hau sannan ta sauko. Karin Turawan ya ba "ga" ɗan guntun sauti, ya ɗaga "do" sama ya riƙe. Abin da ya fito daga baki sittin, cikin murya huɗu, da natsuwa da rufe ido, shi ne gadon kwanciya. Kowane baiti sai an dawo kansa. Wani dattijo da ke kusa da ni, da alama malamin coci ne daga wajen Zariya, muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Bayan an tashi ya ce mini, "Malam, tun muna yara muke kwana a kan gadon nan." Haka kuma "wuya" ta sha wahala: wuyar da ake sha daga ƙasa take tashi ta hau, wuyan da ke ɗauke da kai daga sama yake saukowa, kuma karin bai san bambancinsu ba.

Ba na ɗora wa yaran laifin abin da aka rubuta kafin a haifi kakanninsu. Ban ma cika ɗora wa masu fassarar ba. Rubutun boko da aka tsara mana ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya, gado da gado duk ɗaya ne a takarda. Ajaminmu ya fi shi a nan, don yana sa alif da wawu da ya a inda wasali ya yi tsawo, almajirin da ya karanta waƙar Shehu ko ta Nana Asma'u a ajami ba zai ja inda ba a ja ba. Sai dai kuma ba za a ce ba a sani ba. Bargery, wanda shi ma da mishan ya fara zuwa ƙasar nan, ya fitar da ƙamusunsa a 1934 da alamar tsawo da ta karin sauti a kan kalmomi. Ilmin yana nan shekara casa'in, waƙoƙin ne ba a koma an duba su da shi ba. Handel ɗin ma Bajamushe ne, kuma har yau Turawan Ingila suna nuna wuraren da ya danna gaɓar da ba ita ba a Turancinsa, shugabannin kwaya kuma sukan ɗan gyara. In an taɓa Handel, ban ga abin da zai hana a taɓa fassarar wani ɗan mishan ba.

Inda nake da magana da yaran shi ne wajen furuci. Ban ce Ba'egon ya zama Bakano ba. Hausar Keffi da ta Jos Hausa ce, tana da daɗinta, ni ma in na je Katsina ana gane daga inda na fito. Amma wanda ya yi mako uku yana koyon sa harshe tsakanin haƙora saboda Turanci, zai iya ba da kwana uku ga ɗ da ƙ da ɓ. Ba maganar aƙida nake ba, kowa ya san inda muka rabu, amma a wajen masu waƙar kalmar "Ɗa" tana cikin mafi girman kalmomin da suke furtawa. In aka rera ta "da", ta koma ɗan harafin haɗa magana, irin na "shinkafa da wake". Na tambayi 'yar maƙwabcina sau nawa suka gwada waƙoƙin Hausar. Ta ce, "Baba, ai waɗannan mun iya su tun muna Sande Sukul, sau ɗaya muka bi su." To ka ji ciwon. Turanci abin koyo ne, Hausa abin da aka riga aka iya ne, don haka ba a yi mata wahala.

Kafin wani ya gyara zama ya ce ai su ne, mu leƙa gidanmu. Waƙoƙin da yaranmu ke rerawa a walimar Islamiyya, nawa ne aka ɗora a kan karin fim ɗin Indiya? A Kano har ƙungiyoyin bege aka yi da suka shahara da juya waƙoƙin Indiya zuwa yabon Annabi. Na sha jin an miƙe "sama" an taƙaita "rana" a bakin 'yan fim da 'yan bege, ba wanda ya ce uffan. Cutar ɗaya ce: a ɗauko kari daga waje a tilasta wa kalma ta shiga, kamar takalmin aro. Aron kansa ba laifi ba ne. Aliyu Namangi a kan karin caji ya gina Imfiraji, ya ɗauko abin dandali ya kai shi zauren malamai, amma da yake karin a cikin Hausa aka haife shi, ko gaɓa ɗaya ba ta yi ƙara ba.

Wasu sun riga mu gane wannan. A ƙasar Yarabawa, Fasto J. J. Ransome-Kuti, kakan Fela, ya riƙa tsara waƙoƙin coci a kan karin gida, har ya je Landan a 1922 aka ɗauke su a faifai. T. K. E. Phillips, wanda ya daɗe yana riƙe da kiɗan babbar cocin Legas, ya rubuta littafi a 1953 a kan yadda waƙa za ta bi hawa da saukar Yarabanci. A ƙasar Ibo, Ikoli Harcourt Whyte ya yi rayuwarsa a zangon kutare na Uzuakoli yana tsara waƙoƙi, da kwayar kutare, kuma har yau ana rera su. A Gana, Ephraim Amu ya rasa aikinsa a kwalejin Akropong a kan nacewa da ya yi wa kiɗan gida da tufafin gida. Mu kuwa aikinmu ya fi nasu sauƙi. Yarabanci hawa uku gare shi, in ka kauce kaɗan ma'ana ta gudu. Hausa biyu ne da faɗuwa, kuma mawaƙanmu sukan ɗan saɓa wa karin sauti kunne ya haƙura, muddin an kiyaye nauyin gaɓa. Ga shi muna da ɗaruruwan shekaru na rubutacciyar waƙa mai baiti hamsin a kan awo ɗaya, wato ainihin abin da waƙar coci ke bukata, kari ɗaya da zai ɗauki baiti da yawa. Akwai masu digiri a kan wannan a sashen Hausa na jami'o'inmu, tafiyar minti biyar daga inda kwaya ke gwaji. Ban ji an taɓa ƙwanƙwasa musu ƙofa ba, su ma ban ji sun leƙa ba.

Wata ƙaramar ƙorafi kafin in wuce. Mai kibod ɗin ya kunna gangar nan ta cikin na'ura, mai bugu ɗaya kamar injin niƙa, ya ƙure lasifika. Waƙar da aka yi don a ja numfashi a ƙarshen layi, sai ga ta tana gudu don kada injin ya bar ta. Allah da ikonsa, ana tsakiyar waƙa ta huɗu wuta ta ɗauke. Kafin a tayar da janareta suka ƙarasa baiti biyu da baki kawai cikin duhu, a nan na fara jin muryar tsakiya ta 'yan matan, wadda ashe tun ɗazu tana nan tana aiki mai kyau.

Kashi na uku shi ne dalilin da ya sa ban yi nadamar zuwa ba. Suka tuɓe dogayen rigunan, 'yan matan suka ɗaura zane, aka shigo da tulu biyu da ganga da kacau-kacau. Wannan salon iyayensu ne, na Zumuntar Mata, da na mawaƙan Sabon Rai Don Kowa da suka bazu a Arewa tun shekarun 1960. Matan nan ba su karanta do-re-mi ba. Magana suke fara yi, waƙa ta tsiro daga cikinta, jagora ta bayar, 'yan amshi su karɓa, kamar dai yadda ake yi a wajen daɓe ko niƙa. Shi ya sa ko da Hausarsu ta kasuwa ce, ba ka jin an karya kalma. Sun yi ɗaya da Eggon, ɗaya da Gbagyi, waɗanda ba ni da ikon yanke musu hukunci, illa na ga tsofaffi a zauren suna share ido.

Sannan wani saurayi siriri daga layin baya ya fito ya ja wata waƙar Hausa da ban taɓa ji ba, a kan Zabura ta 23, ta makiyayi. Ya yi abin da ban zata ba. Ya bar layin jagora shi kaɗai, yana bin maganar yadda take, dogo a dogo, gajere a gajere, har da ɗan jinkirin nan da makaɗan fada ke yi kafin su sauke layi. 'Yan amshi suka karɓa da murya ɗaya. Sai a gaɓar ƙarshe ta amshi, inda kalma ta riga ta gama aikinta, ya buɗe muryoyin nan huɗu suka bazu kamar an buɗe tafin hannu. Wato ya gane cewa in muryar ƙasa tana sauka a lokacin da ta sama ke hawa a kan kalma ɗaya, dole ɗayarsu ta yi wa kalmar ƙarya, don haka ya ajiye jituwar Turawa sai wurin da ba za ta yi ɓarna ba. Tulu yana ƙasa yana numfashi. Ba cikakkiya ba ce: baiti na uku ya cusa kalmomi sun yi yawa har ya haɗiye biyu, kuma amshin ya maimaitu fiye da kima, da ya tsaya a na shida da ya fi. Amma a duk daren, nan ne kawai na ji jijiyoyin nan biyu, ta Kambirij da ta Zumunta, sun zama abu ɗaya.

Na duba takardar shirin don in ga sunansa. A gaban Haleluya an rubuta sunan Handel da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa, 1685 zuwa 1759. A gaban duk waƙoƙin kashi na uku, kalma ɗaya aka sa da Turanci, mai nufin "na gargajiya". Na tambaya, aka ce ai yaron ne ya tsara ta da kansa a hutun da ya wuce, ɗalibin aikin gona ne. Ta Eggon ɗin kuma wata mata ce a ƙauyensu ta yi ta, tana nan da ranta, tana sayar da doya. Kuma an ajiye kashin nasu a ƙarshe, bayan ƙarfe tara, lokacin da manyan baƙi sun tafi, masu acaba suna ta hon a waje. Waƙarsa ba ta cikin littattafan nan huɗu, don a ganinsu abin da aka koya da ka ba ya bukatar rubutu. Yana aji huɗu. In ya tafi a bana, sai abin da ƙannensa suka riƙe.

Bayan kwana biyu 'yar maƙwabcina ta zo gaishe ni, ta ce, "Baba, yaya ka gani?" Na gaya mata duk abin da na rubuta a nan, har da gadon. Ta rufe baki tana dariya, can kuma ta yi shiru, ta ce kakarta da wannan waƙar aka binne ta, ba ta jin tsofaffi za su yarda a canja ko harafi. Na ce ban ce a canja kalma ba, a raba sautin ne kawai, a ba "ga" dogon, a ba "do" gajeren, abin da shugaban kwaya zai yi da biro cikin minti ɗaya. Ta ce za ta kai masa, amma ba ta yi alkawari ba, don shi mutum ne mai tsoron abin da ke rubuce.

Ranar Asabar ta dawo da Littafin Waƙoƙin mahaifinta da fensir, da saurayin nan mai aikin gona, yana ta sunkuyar da kai. Muka zauna a zaure daga bayan la'asar, ina karanta layi da baki kamar magana, suna ja wa kowace gaɓa mai nauyi layi a ƙasa. Waƙa uku muka gama kafin a kira magariba. Shi kuma na ba shi sabon littafin rubutu mai bangon kwali, na ce ya rubuta tasa da do-re-mi ɗinsu, ya sa sunansa da shekara a sama, ya nemo sunan matar nan mai doya ya sa a shafi na biyu. Ya ce baiti na ukun fa, Baba? Na ce ya rage kalma biyu ya kawo mu gani.